Za a yi wa yaronku gwajin ƙwaƙwalwa da na koyon karatu? Ga yadda za ku shirya

Ranar da malamar ɗana ta tare ni a bakin aji ta ce "Maman yaro, ina ganin ku kai shi a duba shi", abun da ya fara zuwa min a rai shi ne wai matar nan tana nufin ɗana ba shi da hankali ne ko me? Na dawo gida raina a ɓace, kwana biyu ban ma gaya wa babansa ba. Shekararsa bakwai lokacin, in ya zauna yana ba ka labari sai ka riƙe baki, amma a ce ya karanta layi ɗaya sai gumi, sai ya ce fitsari yake ji, sai cikinsa ya fara ciwo. Mun yi faɗa, mun yi lallashi, mun sa masa lesin, duk a banza. Daga ƙarshe dai muka je aka yi gwajin, kuma da na san abun da na sani yanzu da ban ɓata wata takwas ina jan ƙafa ba. Shi ya sa na ce bari na zauna na rubuta yadda abun yake tafiya tun daga farko, ko wata za ta huta da irin zullumin da na sha.

Na farko dai ku cire tsoron nan. Babu allura, babu na'urar da za a jona masa a kai, ba hoton ƙwaƙwalwa ba ne. Ni kaina na ɗauka wata na'ura za a saka shi a ciki ta fito da takarda ta ce ga matsalarsa. Ashe zama ne, hira da iyaye, wasa da yaro, tambayoyi, haɗa hotuna, jera wasu 'yan katakai masu launi, karatu da rubutu da lissafi, sai fom-fom da ku da malamai za ku cike. Mai yin aikin yawanci masanin halayyar ɗan adam ne wanda ya ƙware a kan yara, wani lokaci tare da likitan yara ko likitan ƙwaƙwalwa na yara, da mai koyar da magana, da mai duba yadda yaro yake sarrafa hannunsa da jikinsa. Galahanga (wato autism, matsalar mu'amala da mutane da sadarwa), ADHD (matsalar rashin mai da hankali da yawan ƙiriniya), disleksiya (matsalar koyon karatu), duk babu gwajin jini ko hoto da yake nuna su. Daga hali da tarihin yaro ake gano su, kuma tarihin nan a hannunku yake. Wannan ne abun da ban gane ba da farko: masanin zai ga yaron na 'yan awanni ne, ku kuwa kun gan shi shekara da shekaru, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Rabin gwajin a jakarku za ku zo da shi.

Yaushe ya kamata a je

Ga ƙananan yara akwai wasu alamomi da likitocin yara suka daɗe suna jan kunne a kai. Yaro ya kai wata 12 ba ya gwaranci, ba ya nuna abu da yatsa, ba ya ɗaga hannu ya yi bai-bai. Ya kai wata 16 babu kalma ko ɗaya. Ya cika shekara 2 bai fara haɗa kalma biyu da kansa ba, irin su "ba ni" ko "Mama zo". Ana kiran sunansa ba ya waiwayowa. Wadda ta fi duka kuwa ita ce yaro ya iya abu sannan ya daina, yana cewa kalma biyar yau, bayan wata biyu shiru kamar an ɗauke wuta, wannan ko wata nawa ne da shi kar a jira. Na san za a ce miki ai wane ma sai da ya shekara huɗu ya yi magana kuma ga shi lafiya lau. Gaskiya ne akwai irinsu, amma ke ba ki da hanyar sanin ko naki irinsu ne sai an duba, kuma in an duba aka ga ba komai me kika rasa? In ɗanki bakwaini ne kuma, ana rage makonnin da ya zo da wuri wajen lissafin watanninsa har ya kai shekara 2, so kar ki dinga gwada shi da sa'anninsa na haihuwa kina tayar da hankalinki.

Ga 'yan makaranta kuwa abun lura shi ne matsalar da ta ƙi tafiya duk da an yi ƙoƙari. Ba wai ya faɗi jarabawa sau ɗaya ba. Yaro ne kullum ana koya masa abu ɗaya gobe kamar ba a taɓa yi ba, ko ba ya iya zama minti biyar, ko kullum sai ya ɓatar da fensir da littafi da hula, ko ya tsani makaranta har yana kuka da safe, ko ba shi da aboki ko ɗaya kuma bai san yadda ake shiga cikin wasa ba. Ku kula da 'yan mata musamman. Yarinyar da take zaune shiru a bayan aji hankalinta yana can wata duniya ba ta damun kowa, don haka ba wanda yake kawo ƙararta, sai ta yi shekaru ana ce mata mai sanyin jiki alhali taimako take buƙata.

Kafin ku nemi masanin, a fara da kunne da ido

Dan Allah kar ku tsallake wannan. Yaron da ba ya ji sosai zai yi jinkirin magana, zai ƙi amsa kira, zai zama kamar ba ya mai da hankali a aji, duk alamomin nan sai su yi kama da wani abu daban. Kuma kar ku ce ai yana jin ƙarar buɗe ƙofa ko ƙarar waya, yaro yana iya jin ƙara amma wasu sautukan magana suna wuce shi, ballantana wanda yake yawan ciwon kunne ruwa ya taru a ciki. A yi gwajin ji na gaske. A duba ido. Sannan ku ga likitan yara ya duba lafiyarsa gaba ɗaya, don ƙarancin sinadarin ayon a jini, matsalar maƙoƙo, gubar dalma, rashin isasshen barci, duk suna taɓa hankalin yaro da koyonsa. Yaron da yake minshari sosai da dare numfashinsa yana sarƙewa, da rana zai iya zama sarkin ƙiriniya. Akwai ma wata irin farfaɗiya da ba a faɗuwa, yaro ya ƙura ido na daƙiƙa goma haka ya tsaya cak, sai ya ci gaba da abun da yake kamar ba a yi komai ba, tana iya faruwa sau da yawa a rana, malami kuwa ya ce ba ya sauraro.

Littafi da waya

Ki samu ƙaramin littafi ko ki buɗe wuri a wayarki, ki yi sati biyu zuwa uku kina rubuta abun da kika gani. Kar ki rubuta "yana da taurin kai", wannan hukunci ne, ba zai amfani masanin da komai ba. Ki rubuta abun da ya faru: yau da yamma na ce ya ɗauko takalmi ya rufe ƙofa ya kawo jaka, takalmin kawai ya kawo. Jiya an canza hanyar da muka saba bi ya yi kuka rabin awa. Aikin gida layi shida ya ɗauke mu awa ɗaya. Ki sa lokaci, ki sa abun da ya faru kafin nan, ki sa yadda abun ya lafa. Ki rubuta abubuwan da ya iya ma, wannan ina roƙonki, don in mutum ya shiga damuwa sai ya manta ɗansa yana da wani abun kirki. Nawa ya iya haddace hanya, inda muka je sau ɗaya sai ya mai da ke, kuma masaniyar ta ce wannan bayanin ya yi mata amfani.

Sai bidiyo. Gani ya kori ji. Yara suna da wata dabara, ranar da aka kai su gaban likita sai su zama salihai, ke kuma ki koma kamar mai sharri. In yana kaɗa hannu, ko yana jera kayan wasa layi-layi, ko yana tafiya a kan yatsun ƙafa, ko yana wannan ƙura idon da na faɗa, ki ɗauka minti ɗaya ko biyu ba tare da ya lura ba. Ki ɗauke shi yana karatu da ƙarfi, ki ɗauke shi cikin yara. Ki haɗa da katin asibiti, sakamakon makaranta na shekarun baya, da littattafansa na rubutu, na gaske fa, masu gogewa da yagewa, ba wanda kika zauna kika sa shi ya kwafa da kyau ba.

Za a tambaye ku tun daga ciki. Wata nawa aka haife shi, nauyinsa, ya yi kuka da ya faɗo ko sai da aka taimaka masa, ya yi shawara mai tsanani, ya taɓa sanƙarau ko zazzaɓin da ya sa shi jijjiga, ya taɓa buguwa a kai, yaushe ya zauna, yaushe ya yi rarrafe, yaushe ya taka, yaushe ya fara magana. In kin manta ki ce kin manta, kar ki ƙirƙira, tsofaffin hotuna a waya suna taimakawa wajen tuno wata. Za a kuma tambayi dangi, ko akwai wanda ya sha wahalar karatu, ko wanda bai yi magana da wuri ba. A nan ne babansa ya yi shiru can ya ce shi ma sai da ya kai aji huɗu ya iya karatu, shekara goma muna tare ban taɓa ji ba! Abubuwan nan suna bin jini sosai, faɗar su ba tonon asiri ba ne. Haka in akwai rabuwar aure, ko rasuwa, ko tashin hankali a gida, ko ana dukansa, ko ana cin zalinsa a makaranta, ku faɗa, don yaron da yake cikin tsoro ko baƙin ciki shi ma ba ya iya mai da hankali, in kuka ɓoye sai a ba abun sunan da ba nasa ba.

Wa za ku kai wa

Ku yi tambaya kafin ku ba da ɗanku, ba rashin kunya ba ne. Me ya karanta, yana da lasisin aiki, ya saba da yara masu shekarun naku? Waɗanne gwaje-gwaje zai yi, zama nawa, zai nemi bayani daga makaranta, zai ba da rahoto a rubuce, zai zauna ya yi muku bayaninsa? Wanda ya kalli yaro minti goma ya ce ga abun da yake damunsa ga magani, ni dai ba zan koma ba.

Sai maganar harshe, wadda a ganina ita ce aka fi yin sakaci da ita. Manyan gwaje-gwajen nan yawancinsu a Amurka da Turai aka tsara su, aka gwada su a kan yaran can, makin da yaro zai samu kuwa ana auna shi ne da na waɗancan yaran. To in ɗanki harshen da yake ji a gida daban, na makaranta daban, aka zo aka yi masa tambayoyin ma'anar kalmomi da harshen da bai gama kamawa ba, makinsa zai faɗi, kuma ba ƙwaƙwalwarsa aka auna ba, harshen aka auna. Ki tambaya kai tsaye: da wane harshe za a yi, kuma da waɗanne yara za a gwada shi? Masani na ƙwarai zai ji daɗin tambayar, zai rubuta wannan a rahoto, zai kuma haɗa da gwajin da ba ya buƙatar magana sosai, irin na Raven wanda ya fito tun 1938, zane-zane ne kawai yaro ya zaɓi guntun da ya cike gurbi. Kuma kar wani ya ce miki harshe biyu ne ya hana shi magana ki daina yi masa naku, jin harshe biyu ba ya jawo matsalar magana.

Me za a ce wa yaron

Kar a ce masa jarabawa, kar a ce likita in yana tsoron allura, kar kuma a yi masa ƙarya a ce yawo za a je. Ni ce masa na yi za mu je wurin wata anti da aikinta shi ne gano yadda kowane yaro ya fi gane karatu, za ku yi wasanni, wasu masu sauƙi wasu masu wuya, ba a cin maki ba a faɗuwa. Ya yi barci da wuri, ya ci abinci, a tafi da ruwa da tabarau in yana sawa. In yana shan wani magani ku tambaya tun kafin ranar ko ya sha ko kar ya sha. In ya tashi da zazzaɓi ko bai yi barci ba ku kira a ɗaga, ya fi a auna yaro a galabaice. Babban kuskure kuma shi ne a shiga intanet a nemo irin tambayoyin a yi ta koya masa. Kin ga in ya ci makin da ba nasa ba, shikenan an rufe matsalar, taimakon da ya kamata ya samu ya wuce shi, kin yi wa kanki.

A cikin ɗakin

Ga 'yan shekara 6 zuwa 16 gwajin basirar da aka fi sani shi ne WISC, na David Wechsler, ya fara fitowa a 1949, bugu na biyar ya fito a 2014. Ƙanana suna da nasu, WPPSI daga shekara 2 da rabi zuwa 7 da 'yan watanni, jarirai kuma har zuwa wata 42 akwai Bayley. WISC ɗin yana duba ɓangare biyar: fahimtar magana, fahimtar siffar abu da mazauninsa, warware sabuwar matsala da tunani, riƙe abu a kai ana aiki da shi, da saurin aiki. Yana ɗaukar awa ɗaya ko fiye, in aka haɗa da na karatu da rubutu da lissafi sai a raba zama biyu ko uku. Abun da ya kamata ki sani, kuma ki gaya wa yaron, shi ne an tsara tambayoyin ne su yi ta ƙara wuya har sai ya kasa, kowane yaro sai ya kai inda zai kasa, a nan ake tsayawa. Nawa ya fito yana cewa "Mama na faɗi na ƙarshen", na ce ai kowa ma haka. Yawanci manyan yara ba a barin iyaye a ciki, kar ki ji haushi. In kuma an bar ki ki zauna, to ki kama bakinki, kar ki ce "haba ai ka san wannan", kar ki yi masa ido. Da wuya fa, na sani.

In galahanga ake zargi tafiyar ta ɗan bambanta. Akwai wani fom mai tambaya 20 da ake kira M-CHAT na yara 'yan wata 16 zuwa 30, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tana ba da shawarar a tantance kowane yaro a wata 18 da wata 24. Amma ku gane, wannan tankaɗe ne kawai, yana nuna wa ya kamata a duba da kyau, yara da yawa da fom ɗin ya nuna daga baya a ga wani abu ne daban ko ba komai. Kar ki cike fom a waya da tsakar dare ki yanke wa ɗanki hukunci. Cikakken binciken ya haɗa da doguwar hira da iyaye da kuma zaman wasa irin ADOS na minti 40 zuwa awa ɗaya, inda za ki ga kamar wasan banza ake, ana hura kumfa ana wasa da 'yar tsana, alhali mai gwajin yana lura ne ko yaron zai kalle shi ya nemi ƙari, ko zai nuna miki abun da ya burge shi, ko zai bi inda aka nuna da ido.

ADHD kuma ba a gane shi da zama ɗaya, don yaro mai ADHD yana iya nutsuwa tsaf in yana ɗaki shiru da babba ɗaya da sabon abu a gabansa. Shi ya sa fom ɗin malamai yake da muhimmanci, irin su Conners da Vanderbilt. Ƙa'idar DSM-5 na 2013, littafin da likitocin ƙwaƙwalwa suke bi wajen tantance irin waɗannan matsalolin, ita ce alamomin su kai wata 6, su fara kafin shekara 12, a gan su a wuri biyu ko fiye kamar gida da makaranta, kuma su zama suna hana yaron gudanar da rayuwarsa da gaske. In a makaranta kawai yake rashin ji a gida lafiya lau, to a duba ajin, a duba ko karatun ne ba ya ganewa yake ɓoyewa da ƙiriniya. Ki kuma faɗi in shi ne ƙarami a ajinsu, don an lura a ƙasashe da dama cewa ƙananan aji sun fi samun wannan sunan, alhali wani lokaci tazarar wata goma sha ɗaya ce kawai tsakaninsa da na gaba da shi. Fom ɗin malamai ki kai wa wanda ya fi sanin yaron, ki roƙe shi ya rubuta gaskiya kar ya ji nauyinki.

Namu disleksiya ce ta fito. Yadda aka gano ta ya ba ni mamaki, ni na ɗauka juya harufa ne kawai, b ta zama d, ashe wannan ƙananan yara da yawa suna yi kuma ya wuce. Asalin matsalar a sautin magana take, yaro ya kasa rarraba kalma zuwa sautukanta ya haɗa su da harufa. An ba shi kalmomin ƙarya waɗanda ba su da ma'ana ya karanta, don a ga ko haɗa harufa yake ko haddace siffar kalma yake, nan asirinsa ya tonu, ashe duk wannan lokacin hadda yake yana canka daga hoto. Ba sabon abu ba ne kuma, tun 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya rubuta labarin wani yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira da ya kasa koyon karatu. Sharaɗi ɗaya da ake dubawa shi ne an koyar da yaron yadda ya kamata kuma matsalar ta ci gaba aƙalla wata 6 duk da taimako, don wanda bai samu koyarwa mai kyau ba ko yake yawan fashi, nasa daban ne.

Karanta rahoton

Zai zo da shafuka da yawa da lambobi, kar ki buɗe shi ke kaɗai da dare kamar yadda na yi. Ga abun da zai taimaka. A yawancin gwaje-gwajen nan 100 ne tsakiya, kuma wajen kashi biyu cikin uku na yara suna faɗawa tsakanin 85 da 115. So 92 ba faɗuwa ba ne, ba maki 92 cikin ɗari ba ne kuma. Akwai wata lamba da suke ce wa fasantayil, ita matsayi take nunawa: in an rubuta 16, ma'ana in aka jera yara 100 sa'anninsa ya kai ko ya wuce 16 daga ciki. 50 ita ce tsakiya daidai, na ga uwar da ta yi kuka don ta ga 50 ta ɗauka rabin maki ya ci. Za ki kuma ga an sa lamba biyu a gefe, misali 88 zuwa 98, don gwajin kansa ya san ba ya auna abu daidai kamar sikeli, in aka sake a wata rana makin zai ɗan motsa.

Jimillar makin nan da kowa yake rububin gani, IQ, sau da yawa ita ce mafi ƙarancin amfani. Yaron da ya samu 118 a fahimtar magana da 80 a saurin aiki, in aka haɗa aka ce 100 an ɓoye labarin gaba ɗaya, ga yaro yana gane komai amma kafin ya kwafe allo an goge. Ki duba ɓangarorin ɗaya bayan ɗaya. In kuma makin ya yi ƙasa wajen 70, ba a cewa yaro yana da naƙasar fahimta da lamba kaɗai, dole a duba yadda yake tafiyar da rayuwar yau da kullum, sa kaya, wanka, aike, mu'amala da mutane, da ma'auni irin Vineland. Shi kansa Alfred Binet da ya fara irin wannan gwajin a Faransa a 1905 tare da Theodore Simon, don a gano yaran da suke buƙatar ƙarin taimako a makaranta ya yi shi, kuma ya yi adawa da masu cewa basira abu ne tsayayye da ba ya canzawa.

Ranar bayani ku je ku biyu in da hali, ko ki tafi da wani babba da kika yarda da shi, don da an faɗi sunan abun kunnenki zai toshe, sauran bayanin duk ba za ki ji ba. Ki rubuta tambayoyinki tun a gida. Me kuka gani da ya sa kuka ce haka? Me kuka duba kuka ga ba shi ba ne? Akwai wani abu tare da shi, tunda ADHD da disleksiya sukan zo tare? Cikin shawarwarin nan goma sha biyar waɗanne uku za mu fara da su ranar Litinin? Wannan ta ƙarshen ita ce ta fi min amfani. In rahoton ya bayyana yaron da ba ki gane ba ki faɗa, ko an samu kuskure a tarihi ki sa a gyara, kina kuma da damar neman ra'ayin wani masanin. In an ce ba a tabbata ba a dawo bayan wata shida, ba gazawa ba ce, ƙananan yara suna canzawa, kuma ba sai an samu suna ake fara koyar da magana ko horon iyaye ba.

Za ki zauna kina lissafin laifinki, ko wayar da na ba shi ce, ko don na koma aiki da wuri, ko rigakafi ne. Na rigakafin nan dai ki ajiye shi, takardar binciken da ta tayar da ƙurar cewa wai rigakafi yana jawo galahanga a 1998 mujallar da ta buga ta ta janye ta a 2010, aka kuma soke lasisin likitan da ya jagorance ta, manyan binciken da aka yi bayan nan ba su ga wata alaƙa da galahanga ba. Ki yi hattara kuma da masu tallan waraka a sati huɗu, da zarar kin fara bincike a waya za su cika miki fuska.

Sai kai wa makaranta. Ba dole ki ba su rahoton duka ba, akwai sirrin gida a ciki, ki roƙi masanin ya yi taƙaitaccen shafi ɗaya na malamai. Ki zauna da malamin ajin ku tsayar da abubuwa ƙanana da za a iya yi: ya zauna a gaba, a ba shi umarni ɗaya-ɗaya, a ƙara masa lokaci a jarabawa, a daina tayar da shi ya yi karatu a gaban aji ba shiri, a rage yawan kwafa daga allo. Ku sa ranar da za ku sake zama, bayan wata biyu ko uku, ku ga me ya yi aiki. Duk sabuwar shekara sai kin sake wannan zaman da sabon malami, kar ki ɗauka bayanin zai bi shi da kansa, mu sau biyu takardar tana ɓata a ofis. Ki yi kwafi uku, ki ɗauki hoton kowane shafi a waya. Kuma kar a yi saurin maimaita gwaji iri ɗaya, yaro yana tuna tambayoyin makin ya hau na ƙarya, shi ya sa akan bar aƙalla shekara ɗaya. Mu an ce mu dawo in zai shiga sakandare, na rubuta watan a bangon littafin nan nawa.